Gashin Ƙeyar Auta

A gidanmu ba a zubar da gashi. Tun muna yara, in Inna ta gama taje mana kai, sai ta tsince abin da ya maƙale a mataji, ta tattara wanda ya zuba a tabarma, ta murza shi a tafin hannu ya dunƙule, ta jefa a murhu. Maƙwabtanmu ’yan ƙabilar Eggon binnewa suke yi, wata ’yar ƙabilar Tibi da ke bayan gidanmu a masai take jefawa, amma dai babu mai barin nasa a fili. Mai zuwa masallaci da mai zuwa coci duk sun yarda cewa in gashinka ya faɗa hannun mugu, sai yadda ya yi da kai. Ni malamar firamare ce, na sha tsayawa gaban allo ina ce wa yara wannan camfi ne. Amma har gobe in na je kitso sai na karɓi gashina na tura a jaka, kuma kada wani ya tambaye ni dalili.

Na fara da wannan ne don a gane halin da muka shiga a shekarar da wata farfesa ta zo Lafia tana neman gashin mutane.

Ƙanena ne ke da ciwon taɓin hankali. Shi ne autan Inna, Auta muke ce masa har yau da ya ajiye gemu. A injin casar shinkafa yake aiki, mutum mai tsabta da son wasa. Sai ya fara cewa injin yana kiran sunansa. Daga baya ya ce ko an kashe injin yana jin sa. Ya bar aiki, wanka sai an yi da gaske, wurin mai aski kuwa ya ce har abada, wai aska za ta buɗe wa muryoyin hanya. Gashi ya taru masa ya cukurkuɗe. Duk duniya ba mai taɓa kan nan sai Inna.

Mahaifinmu ya rasu, don haka maganar gida tana hannun ƙanensa, Baba Ƙarami, manomin doya a wani ƙauye kan hanyar Keana. A farkon ciwon ya taɓa kai Auta gidan wani mai magani, aka sa masa marin ƙarfe a ƙafa, aka ɗaure shi a gindin bishiya tare da wasu. Ranar da Inna ta je dubiya ta ga ƙuda na bin idon sawunsa, zama ta yi daɓas a ƙasa ta ce ba za ta tashi ba sai da ɗanta. Haka aka kwance shi. Tabon yana nan, baƙi, ya zagaye ƙafar. To a daminar da nake ba da labari, Auta ya fita titi yana ihu, ya fasa gilashin keken wani bawan Allah. Baba Ƙarami ya zo ya ba da haƙuri, sannan ya juyo kan Inna a gabana.

“Da na gama haƙar doya zan zo da mota,” in ji shi. “In na same shi a yadda yake, zan tafi da shi. Wannan karon ko birgima za ki yi ba zan saurare ki ba.”

Washegari na ja Auta asibiti da lallashi da rantsuwa. Wani likita matashi ya duba shi, ya ce akwai allurar da ake yi wata-wata, sai dai a nan yau akwai gobe babu. Sai ya rage murya ya ce amma mun taki sa’a, akwai wata farfesa da ta dawo gida tana bincike, masu irin wannan ciwo da ke wurinta ba sa rasa allura, har gida ake bin su. Ya ce ’yar garin Doma ce, ta ƙarar da ƙuruciyarta a Turai tana nazarin ƙwaƙwalwa. Ya ce ita ta koyar da malamin da ya koyar da shi, kuma a littattafan da suka karanta a makarantar likita ya sha cin karo da sunanta. Yana maganar yana gyara zama kamar tana tsaye a bayansa.

Na ce masa, “To likita, in haka take, me ya dawo da ita? Wanda ya samu wuri a Turai ya dawo shan zafin Lafia haka kawai?”

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Ta zo gidanmu da hantsi, ita da nas guda. Gajeriyar mace ce, da atamfa da silifas, furfura na leƙowa ta gefen ɗankwali, ɗan gicciye a wuya. Hausarta irin ta tsofaffin Doma ce, mace da namiji duk “shi” ne a bakinta, ni ce nake gyara mata Hausar a wannan labari. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe da Inna. A raina na ce, ka ji min mata, farfesa guda da durƙuso, lallai akwai abin da take nema. Sai ta ja kujera ’yar tsugunno ta zauna a bakin ƙofar Auta. Ba ta tambaye shi ko yana jin muryoyi ba, tambayarsa ta yi me suke cewa, kuma wace ce ta fi damunsa. Mutumin da ya yi watanni daga “e” sai “a’a” da mu, sai ga shi yana ta zuba da baƙuwa. Na kalli Inna, Inna ta kalle ni. Har idon matar na leƙa ko akwai wani kwalli da ta sa.

Nas ta yi masa allurar farko, ya miƙa hannu da kansa. Bayan nan ne Farfesa ta dawo tabarmar Inna ta faɗi abin da ke tafe da ita.

“Mama, aikina a kan gashi ne. Idan mutum yana cikin tashin hankali, jikinsa yana fitar da wani sinadari. Gashi yana tsiro yana ɗauke da shi, kamar yadda ruwan sama ke barin alama a jikin katanga. In na auna, ina iya ganin lokacin da mutum ya fi shan wahala. Ina so in gano ko gashi zai iya gargaɗinmu kafin ciwon ya dawo. Na daɗe ina wannan aiki a kan gashin Turawa, na mutanenmu ba wanda ya duba. Ɗan kaɗan nake so, daga ƙeya.”

Inna ta gyara bakin zaninta ta ce, “’Yata, ki ɗebi jini mana. Jini mun saba bayarwa.”

“Jini labarin yau kawai yake ba ni, Mama. Gashi yana ba ni na watanni.”

Wallahi da ta san abin da wannan magana ta yi wa Inna da ba ta faɗa ba. Ashe dai gaskiya ne, gashi yana riƙe da mutum, ga mai boko ma ta faɗa da bakinta.

Da za ta tafi ta ce allura ba ruwanta da gashi, ko mun bayar ko mun hana za a ci gaba da yi masa. A bakin zaure ta sake juyowa ta maimaita. Maimaitawar ce ma ta ƙara sa ni ƙin yarda. Inna ta ce za mu yi shawara.

Ni kuwa na shiga bincike. A makaranta na sa abokiyar aikina ta nemo min ita a waya. Sai ga hotuna. Ga ta tana budurwa cikin farar riga tana riƙe da farin ɓera. Ga ta gaban wani allo mai hoton ƙwaƙwalwa an yanyanka ta fale-fale. Ga ta a wani babban zaure Turawa sun miƙe suna tafa mata. Ga ta a tsakiyar ɗalibai, baƙaƙe da farare da masu rawani, an ce duk ta yaye su, yanzu kowanne yana da nasa ɗaliban a ƙasarsa. Abokiyar aikina ta ce, “Kin gani ko? Babbar mace ce fa.” Ni ɓeran nake kallo. Na ce, wadda ta saba buɗe kan ɓera ta leƙa, yau gashin ƙanena take so, kuma ki ce in yi murna?

A kasuwa na samu wata mai gishiri ’yar Doma, na ja ta da hira. Ta ce ta san gidansu sarai. Ta ce matar ba ta taɓa haihuwa ba. Ta waiga hagu da dama ta ce, “Kuma a gidansu ma akwai abin. Yayarta da shi ta mutu.” Kowa ya sha jin labarin masu kwashe ciwo daga gidansu su juye shi a gidan wani, kuma da gashi ake yi. Ban tsaya nan ba, na hau keke na wuce ta unguwar Akurba inda ta kama gida. Katanga doguwa, farantan sola sun rufe rufin, ana jiyo gurnanin firiza daga titi alhali unguwar ba wuta. Mai shagon da ke kallon gidan ya ce min ya taɓa leƙawa, gashin mutane ne jere a ambulan, ba suna ko ɗaya, sai lamba. Na ce, in abin arziki ne me ya sa ake ɓoye suna?

Abin haushin, allurar tana aiki. Auta ya fara barci. Ya fara cewa yana jin yunwa. Jikinsa ya yi nauyi, yana tafiya a hankali, amma ya kan fito ya zauna a gindin mangwaro, har ya tambaye ni lafiyar yarana. Sabuwar doya kuwa ta fara cika kasuwa. Duk tarin da na gani sai in tuna da motar Baba Ƙarami.

Na ce wa Inna mu hana. Ta ce, “In muka hana, allura za ta tsaya.”

“Ta ce ba za ta tsaya ba.”

“Ke kin taɓa ganin wanda aka hana abin da ya zo nema ya ci gaba da zuwa?”

In mun hana, muna ganin allura za ta yanke, Baba Ƙarami ya zo ya mayar da shi mari. In mun bayar, gashin Auta ya shiga gidan nan mai gurnani. Inna ta daina maganar gaba ɗaya, sai dai in ga ta zauna tana sosa masa kai tana kallon bango.

Ranar allura ta gaba, Farfesa ba ta ma tayar da zancen ba. Inna ce da kanta ta ce, “’Yata, kawo almakashin. Amma ba ya yarda kowa ya taɓa masa kai sai ni.” Farfesa ta ba ta ƙaramin almakashi da zare da wata takarda mai ƙyalli. Ta nuna mata a kanta: a kama kamar kaurin fensir a ƙeya, a ɗaure da zare, a yanka dab da fata. Inna ta shiga ɗakin Auta ta saki labule. Ta daɗe. Ni ina tsaye na harɗe hannu ina harare-harare, raina kamar ya fita. Da ta fito ta miƙa ƙunshin da hannu biyu.

Farfesa ta buɗe, ta duba, ta daɗe tana dubawa. Ta ɗago ta kalli Inna, ta mayar da ido. Nas ta buɗe akwatin da suke jera na sauran mutane, amma Farfesa ta girgiza kai. Ta naɗe namu ta sa a jakarta ta hannu, ta ja zif. Na gani da idona. Na ce a raina, shi ke nan, namu ne aka ware.

Daga makon nan Inna ta canja. Ta kira ni ta ba ni manyan tukwanenta na biki waɗanda ko aro ba ta bayarwa. Ta mayar wa maƙwabciya turmin da ya shekara a gidanmu. Ta shiga gida-gida tana cewa in ta taɓa ɓata wa wani rai ya yafe mata. Ta kama azumi ba ƙaƙƙautawa. Ta zaunar da ni tana koya min yadda Auta yake son kununsa, da yadda ake fara taɓa masa kafaɗa kafin a kai hannu kansa. Ta rame, ido ya faɗa. Na ce, Inna me ke damunki? Ta ce tsufa. Ni kuwa na gama yanke hukunci, aikin matar nan ne ya fara ci, ya tsallake ɗa ya faɗa kan uwa.

Wata Asabar da safe na zo da mataji da man kaɗe na ce yau sai na yi mata tsifa, kanta ya daɗe. Ta ce a bari. Na ce ba za a bari ba. Ta riƙe kallabi, na ja, ta riƙe, na fizge. A ƙeyarta, ƙasan tsohon kitson, akwai fili kamar faɗin kwabo, fata fes, ɗan tsiro ya fara fitowa.

Na tsaya da kallabin a hannu. “Inna, mene ne wannan?”

“Ke dai yi abin da ya kawo ki.”

“Inna! Naki kika ba ta?”

Ta ce, ba tare da ta juyo ba, “Ni na ci zamanina. In wani abu zai zo, ya same ni. Allura kuma ba za ta tsaya ba, tunda an ba ta abin da ta nema. Kada ki gaya masa.”

Innalillahi. Ashe duk rabon tukwanen nan da neman gafara, shirin tafiya take yi. Tana zaune tana jiran abin da aka yi nufin ɗanta da shi ya sauka a kanta. Na fashe da kuka, kukan ya koma masifa. Ko hannu ban wanke ba na figi mayafi na tare keke, na ce Akurba, kuma kada ya tsaya ɗaukar kowa.

Na buga ƙofar gidan nan kamar zan ɓalle ta. Na iske ta a baranda da wasu likitoci, har da namu na asibiti, sun zagaye ta tana zana musu wani abu a allo. Ban gaishe da kowa ba. Na ce, “Madam, gashin uwata na zo karɓa. Yanzu-yanzu. In kin kai shi wani wuri, tashi ki kai ni.” Likitan namu ya miƙe yana “Haba Malama, haba Malama,” ta ɗaga masa hannu ya zauna. Ta jawo jakarta ta zuge. Ƙunshin yana nan yadda Inna ta naɗe shi.

“Tun a tsakar gidanku na san ba nasa ba ne,” in ji ta. “Lanƙwasar kitso tana jikinsa, ga ƙamshin man kaɗe, ga silin furfura. Ban haɗa shi da na aiki ba, ban kuma auna ba, don mai shi ba don a auna ta ba ni ba. Kullum yana jakata. Na rasa yadda zan mayar mata ba tare da na kunyata ta a gaban ’ya’yanta ba.”

Na ce, “Kunya? Kunya kike ji mata? Matar nan ta raba tukwanenta! Ta gama neman gafarar unguwa! Mutuwa take jira, ke kina yawo da ita a jaka!”

Sai na ga fuskarta ta sauya. Ta ajiye allin, ta dafa tebur. Ta ce a hankali, “Na ɗauka dabara ta yi min don in ƙyale ku. Ban kawo cewa kanta ta miƙa ba. Ya kamata in kawo. Na daɗe a waje.” Ta sallami likitocin, ta ce in shiga mota.

Muka kama hanya. Ina kallon jakar a cinyarta, ina tunanin wa ya sani ko ta tsakuri wani abu a ciki.

A gida ta durƙusa gaban Inna ta ajiye ƙunshin. Inna ta kalle shi, ta kalle ni da harara, ta ture shi da bayan hannu. “Na ba ki, na ba ki. Ki riƙe wannan, ki bar min yarona, ki bar masa allurarsa.” Farfesa ta yi bayani, ta rantse da Allah, ta sake cewa allura ba ta da alaƙa da gashi. Inna sai girgiza kai take yi. Magana dai ta ƙare, kowa ya ga ba ta shiga.

Sai Farfesa ta kai hannu ta zare ɗankwalinta. Kan fari fat, an yi masa ’yan kalaba. Ta ciro almakashin nan daga jaka ta sa a hannun Inna, ta juya mata baya, ta sunkuyar da kai.

“Mama, yanka. Daga ƙeya, dab da fata. Ki ajiye a wurinki. In wani abu ya sami ɗanki ta dalilina, ko allura ta tsaya, kin san inda ake kai irinsa. Ni ma ’yar ƙasar nan ce, na san abin da nake ba ki.”

Inna ta ce, “A’a ’yata, rufa min asiri.”

“Yayata a mari ta mutu, Mama. Ina ’yar makaranta, ni nake kai mata abinci gindin bishiyar. Abin da ya kai ni karatun ƙwaƙwalwa ke nan, shi ne kuma ya dawo da ni. Yanka.”

Inna ta warware kalaba guda, ta ɗaure da zare yadda aka koya mata, ta yi bisimilla ta yanka. Ta ƙulle shi a bakin zaninta, ta ja ƙullin da haƙori. Sai a lokacin ta ɗauki nata ƙunshin daga ƙasa, ta miƙe ta jefa a murhu. Ƙauri ya cika gidan.

Muna cikin haka sai muka ji murya daga bayanmu. Auta ne, ya jingina da ƙofar ɗakinsa, Allah kaɗai ya san tun yaushe.

“Kuna ta rabon gashi,” in ji shi, “ni mai kan ba wanda ya tambaye ni.”

Kunya ta kama mu duka, har da Farfesa. Ta matsa kusa da shi da kanta a buɗe, ta sake yin bayanin tun daga farko, shi kaɗai take kallo. Ya tambaye ta ko abin zai warkar da shi. Ta ce a’a, ba ta yi masa wannan alkawari ba, wataƙila wasu ne a gaba za su amfana. Ya tambaya ko sunansa zai fita. Ta ce shi ya sa ake sa lamba. Ya sosa gemu. Can ya ce, “To Inna ta yanka miki rabonki. Sauran a kira min mai aski, kaina ya yi min nauyi.”

A gindin mangwaro aka yi askin. Inna ta shimfiɗa tsohon zani a ƙarƙashinsa, ko sili ɗaya bai taɓa ƙasa ba, ta tattare ta ƙona.

Baba Ƙarami ya cika alkawari. Da ya gama haƙa ya zo da a-kori-kura, da ƙarti biyu a baya, da wani buhu da ke ƙarar ƙarfe in mota ta faɗa rami. Ya iske Auta da aski da wankakkiyar riga yana gyara wa Inna ƙafar benci. Auta ya ajiye guduma ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambaye shi gona, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Baba Ƙarami ya kalle shi sama da ƙasa, ya tsaya a kan tabon ƙafar, ya kawar da kai. Ya ci tuwo, ya sa ƙartin suka sauke mana doya, ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Buhun bai sauko daga mota ba. Haƙuri kam bai ba kowa ba, ni ma ban raka shi ba.

Ba zan ce Auta ya warke ba. Ciwon ya taɓa dawowa, muka sha wahala, aka gyara masa magani ya lafa. Injin shinkafa ya ce ba zai koma ba, yanzu yana taya wani sayar da kayan gini. Farfesa ta koma Turai bayan ta gama, amma likitocin nan da na tarar a barandarta su ke riƙe da masu ciwon, kuma allura ba ta taɓa yankewa ba. Abin da ta gano a gashin kuwa, na tambayi likitanmu, ya ce ana kan rubutawa, irin wannan aiki ba a yi masa gaggawa. Na ce oho dai. Har yau in na tuna gashin ƙanena yana wata ƙasa cikin ambulan mai lamba, sai in ji wani iri.

Bara ne likitan ya tare ni a asibiti ya ce Farfesa ba ta da lafiya, shanyewar ɓarin jiki ta same ta a can, magana ma da ƙyar. Da na gaya wa Inna, sai ta dafe ƙirji. Ta tashi da sauri ta shiga ɗaki, ta jawo adakarta, ta tono wani ɗan gwangwanin alawa daga ƙasan zannuwa. Ta buɗe a gabana. Farin gashin yana nan da zarensa.

“Ki zama shaida,” in ji ta. “Ko buɗe shi ban taɓa yi ba. Ko ranar da ciwonsa ya dawo ban taɓa ba. Wallahi ba daga wurina ba ne.”

Na ce, Inna na sani, ciwo ne na Allah, hawan jini ne. Ba ta ji ni ba. Tana ta juya gashin a tafin hannu tana cewa ya bushe, dubi yadda ya bushe, ta bar baiwar Allah a gwangwani ba kulawa.

Tun daga ranar, duk Juma’a da hantsi sai ta ciro shi. Ta lakato man kaɗe ta shafa masa a hankali daga sama har ƙasa, ta yi addu’a ta tofa, ta naɗe a sabon ƙyalle ta mayar. Ni da nake tsayawa gaban allo, ban ce mata camfi ne ba, kuma ba zan ce ba. Juma’ar da ta wuce na shigo na iske ta a gindin mangwaro tana yi, Auta na tsugunne a gefenta yana riƙe mata kwalbar man.